Tsohon Ma'aikacina Yana Son Dawowa Bakin Aiki, Yaya Zan Karɓe Shi?

Tambayar ta zo ne daga wani Alhaji mai masana'antar gyaran shinkafa a Gombe, wanda ke da ma'aikata 32. Ya ce shugaban masu kula da injinansa, wanda ya yi shekara 6 tare da shi, ya ajiye aiki a 2022 ya tafi wata babbar masana'anta a Kano, a lokacin yana karɓar naira 60,000 a wata. Yaron da mutumin ya koya wa aiki shi ya riƙe wurin tun daga ranar har zuwa yau. Yanzu mutumin ya turo dattawan unguwarsu suna roƙon a mayar da shi, kuma Alhaji ya ce zuciyarsa ta karkata ga karɓarsa, sai dai yana son ya san hanyar da ta dace a bi.

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Na yi fiye da shekara 20 ina aikin kula da sha'anin ma'aikata tsakanin Bauchi da Gombe, kuma irin wannan magana ta sha zuwa teburina. Ra'ayina a taƙaice shi ne ka karɓe shi, muddin tafiyarsa ta farko ba ta da tabo, domin da tsohuwar zuma ake magani, kuma mutumin da ya san kukan injinka ya fi baƙon da za ka yi wata shida kana koya masa inda ake kashe wuta. Amma ina son ka sani tun yanzu cewa wahalar wannan al'amari ba ta wajen mai dawowa take ba. Tana wajen yaron da ya riƙe maka wurin a shekarun da maigidansa ba ya nan, kuma yadda ka yi da wannan yaro shi zai nuna ko ka ƙaru da ma'aikaci ɗaya ne ko kuwa ka yi musayar wani da wani.

Kafin a kai can, sai ka buɗe fayil ɗinsa ka duba yadda ya fita. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 11, ta ce wanda ya yi shekara 5 ko fiye a wurin aiki zai ba da notis na wata ɗaya kafin ya tafi, don haka mutumin da ya yi shekara 6 a wajenka wata guda ya kamata ya ba ka. Ka tuna ko ya bayar, ko kuwa wayar gari aka yi aka ga ba ya nan ana tsakiyar kaka. Ka tuna ko ya miƙa makullai da kayan aiki, ko akwai rancen da ya ci bai biya ba, ko ya janye maka wasu ma'aikata ko masu kawo shanshera, wato shinkafar da ba a gyara ba, ya tafi da su. Wanda ya tafi neman ƙarin albashi bai yi laifin komai ba, kowa ma abincinsa yake nema, kuma bai kamata a riƙe shi da wannan ba. Wanda kuwa aka sallama saboda buhuna sun yi ƙafa a sito, ko saboda ana sayen kayan gyara da rasit na bogi, to hali zanen dutse ne, kuma ko dattawan gari duka suka zo, shawarata ita ce ka ba su haƙuri, in ka so ka taimake shi da jari daga aljihunka, amma kada ka sake ɗora shi a kan dukiyarka. Tun da ba ka ambaci irin wannan a tambayarka ba, zan ɗauka cewa lafiya kuka rabu.

Zuwan dattawa abu ne mai kyau, kuma haka aka saba a wajenmu, sai dai yana da wani lahani guda da na sha gani. Kunya tana sa maigida ya ce "ba komai, ya zo ranar Litinin" a gaban mutanen da yake girmamawa, alhali ba a tattauna albashi ba, ba a faɗi matsayin da zai riƙe ba, ba a ma tambaye shi dalilin dawowarsa ba. Ka karɓi dattawan da mutunci, ka ce musu ka ji kuma za ka zauna da shi, sannan ka kira shi shi kaɗai. A wannan zama ne za ka tambaye shi abin da ya fitar da shi a 2022, da abin da ya dawo da shi yanzu, kuma ka ba shi dama ya faɗi gaskiya ko da za ta yi maka ɗaci. Idan ya ce jinkirin albashi ne ya kore shi, ko rashin jituwa da manajanka, kuma har yau albashin yana jinkiri kuma manajan yana nan, to ka san cewa abin da ya fitar da shi yana nan yana jiransa a bakin ƙofa.

Dalilin dawowa ma iri-iri ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota da na haya da na cefane suka tashi, mutane da yawa da suka tafi manyan birane sun lissafa sun ga cewa albashin da ya fi yawa a takarda ba ya kai su ƙarshen wata, musamman mai iyali a Gombe da ke ciyar da gida biyu. Mutumin da ya dawo saboda iyayensa sun tsufa, ko saboda gidansa da gonarsa suna nan, ko saboda karatun 'ya'yansa, wannan yakan zauna. Wanda kuwa aka rage ma'aikata da shi a can, ya zo ya ɗan fake kafin wata ƙofa ta buɗe, shi ma ba laifi ba ne, amma ya kamata ka sani domin kada ka rushe tsarin gidanka saboda mutumin da ba zai kai kaka biyu ba. Ka nemi izininsa ka kira inda ya baro ka ji ta bakinsu. Mutane suna ganin wannan kamar rashin yarda ne ga wanda aka sani, amma shekarun da ya yi a can ba ka gan su ba, kuma ma'aikacin da ya fito lafiya ba ya jin tsoron a tambaya.

Abu na gaba shi ne takarda, kuma a nan ne masu masana'antu da yawa suke yin sakaci, suna cewa ai ɗan gida ne. Malamanmu na fiƙihu sun koya mana cewa matar da aka yi wa saki ɗaya, idan mijin ya mayar da ita kafin idda ta cika, ba a buƙatar sabon ɗaurin aure, amma idan idda ta ƙare, sai an sake ɗaura aure da sabon sadaki ko da kuwa ta haifa masa 'ya'ya goma. Haka lamarin ma'aikacinka yake. Ranar da ya ajiye aiki ka amince, yarjejeniyar farko ta ƙare, kuma abin da za ku ƙulla yanzu sabo ne. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa cikin wata 3 da fara aiki, waɗanda suka haɗa da irin aikin, da albashi da lokacin biyansa, da sa'o'in aiki, da hutu, da tsawon notis. Ni dai ban taɓa ba kowa shawarar ya jira wata ukun ba. Ka sa ya sa hannu kafin ya taɓa injin, domin maganar da ba a rubuta ba a ranar farin ciki ita ce ake musu a kanta a ranar ɓacin rai, kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda tsarin mulki ya ba hurumin irin waɗannan shari'u, takarda take fara tambaya.

A cikin wannan takarda dole ne a fayyace matsayin shekaru shidan da ya yi a baya, domin ina tabbatar maka shi yana ƙirga su a zuciyarsa ko bai faɗa ba. Bambancin ba ƙarami ba ne. Idan sabon ɗauka ne, notis ɗin da doka ta tanada a wata ukun farko kwana ɗaya ne kacal, daga nan ya koma mako ɗaya har ya cika shekara 2, sannan mako biyu har zuwa shekara 5, kuma hutun shekara, wanda mafi ƙarancinsa kwanakin aiki 6 ne, sai ya yi wata 12 a jere kafin ya cancance shi. Idan kuwa ka haɗa masa shekarun, to tun ranar farko yana matsayin mai shekara 6. Garatuti, wato kuɗin sallama da ake ba ma'aikaci idan ya bar aiki, a kamfanoni masu zaman kansu ya rataya ne a kan abin da aka yi yarjejeniya a kai, saboda haka idan kana biyansa kuma ka riga ka sallame shi da haƙƙinsa a 2022, waɗancan shekaru an rufe littafinsu, sai a rubuta haka ɓaro-ɓaro. Abin da na fi so shi ne a ɗauke shi a matsayin sabo ta fuskar lissafin kuɗi, amma a kyautata masa a inda ba za a tauye kowa ba, misali a rubuta masa notis na wata ɗaya tun daga farko, wanda kai ma zai amfane ka, tun da ba ka son mai kula da injina ya tafi da sanarwar mako guda.

Albashi kuwa, kada ma ka kawo maganar naira 60,000 da ya tafi yana karɓa. Tun watan Yuli na 2024 mafi ƙarancin albashi a Najeriya ya koma naira 70,000 daga naira 30,000 da aka tsayar a 2019, kuma dokar ta hau kan duk mai ma'aikata 25 ko fiye, wanda kai kana ciki da mutum 32. Wato abin da ƙwararren ma'aikacinka yake karɓa a wancan lokaci ya ninka mafi ƙarancin albashi, yau kuwa bai kai na mai shara ba. Zai zo maka da adadin da ake ba shi a Kano, kuma yana da haƙƙin ya faɗa, amma ma'aunin da za ka yi amfani da shi shi ne abin da kake biyan masu irin aikinsa a gidanka yau. Idan ka ba shi abin da ya zarce na yaron da ya zauna nesa ba kusa ba, ka koya wa ma'aikatanka 32 darasi guda, cewa hanyar samun ƙarin albashi a wajen Alhaji ita ce mutum ya tafi ya dawo. Kuma kada ka yaudari kanka cewa ba za su sani ba, domin albashi ba ya ɓoyuwa a masana'anta, kafin azahar ta ranar biya kowa ya ji.

Wannan ya kawo mu kan yaron. Na kira shi yaro ne saboda haka ka kira shi, amma mutumin da ya riƙe injinan masana'anta shekara uku ko huɗu, ya kwana a kansu lokacin da tukunyar turara ta lalace, ya san wane bel ne ke tsinkewa da wane mai sayar da kayan gyara ne ke kawo jabu, ya wuce a kira shi yaro. Shekarun baya, a wani kamfani da na yi wa aiki a Bauchi, an mayar da wani tsohon mai kula da sito kan kujerarsa ba tare da an gaya wa mataimakin da ya riƙe wurin shekara biyu ba. Da safe kawai ya zo ya tarar da mutumin zaune, aka ce ya miƙa makullai. Bai ce uffan ba, ya durƙusa ya gaishe shi kamar yadda ya saba, ya miƙa. Bayan wata biyu ya ajiye aiki, kuma sai da ya tafi muka gane cewa duk sabon tsarin shigar da kaya a kwamfuta shi kaɗai ya iya shi, wanda aka dawo da shi kuwa littafi da biro ya sani. Laifin namu ne, ni ma ina ciki, domin na ga alamar ban yi magana da ƙarfi ba. Mun ɗauki shirunsa a matsayin yarda, alhali a tarbiyyarmu yaro ba ya musu da wanda ya koya masa sana'a a gaban mutane, sai dai ya haɗiye ya nemi hanyar fita.

Saboda haka ka kira shi tun kafin ka ba wancan amsa, ka gaya masa da bakinka, kada ya ji a bakin direbobi ko masu dako. Ka tabbatar masa cewa matsayinsa da albashinsa suna nan, sannan ka tambaye shi yadda yake ganin za su iya aiki tare. Zai ce maka "duk yadda ka yi daidai ne, Alhaji", kuma wannan ba amsa ba ce, ladabi ne, don haka ka ba shi kwana biyu, ko ka sa wani da yake sakewa da shi ya ji cikinsa. A ganina bai dace a sauke shi ba, kuma bai dace a sa tsohon maigidansa a ƙarƙashinsa kai tsaye ba, domin umarni ba zai fito daga bakinsa ba, wancan ma ba zai iya karɓa ba, aikinka ne zai tsaya a tsakaninsu. Mafita ita ce a raba hurumi a rubuce. Ɗaya ya riƙe gudanar da injina na yau da kullum da ma'aikatan da ke kansu, ɗayan ya riƙe gyara da kayan gyara da horar da sababbi, ko kuwa idan kuna aikin dare da rana a lokacin kaka kowa ya riƙe nasa zango, kuma dukansu su riƙa kai rahoto wajen manaja ko wajenka. Idan masana'antar ba ta kai girman da za ta ɗauki manya biyu ba, gara ka faɗa wa mai dawowa gaskiya, ka ba shi aikin gyara na kwangila lokaci-lokaci har wuri ya samu.

Sha'anin fansho ba shi da wuya, amma ana yawan kuskure a cikinsa. Asusun ajiyar fansho ɗaya ne mutum yake da shi tsawon rayuwarsa, lambarsa ba ta canzawa don ya canza wurin aiki, don haka kada akawunka ya buɗe masa sabo. Ya kawo lambarsa da sunan kamfanin fanshon da yake tare da shi yanzu, domin tun Nuwamba 2020 hukumar PenCom, mai kula da harkar fansho ta ƙasa, ta buɗe damar sauya kamfani sau ɗaya a shekara, mai yiwuwa ba inda ka san shi yake ba. Dokar fansho ta 2014 ta ce mai ɗaukar aiki zai zuba aƙalla kashi 10 cikin 100, ma'aikaci kashi 8, kuma a tura kuɗin cikin kwanakin aiki 7 daga ranar biyan albashi. Ka sa sunansa cikin inshorar rai ta ma'aikata, wadda dokar ta ce kada ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara, ka kuma shigar da shi cikin lissafin kashi 1 cikin 100 da ake biya wa hukumar NSITF domin diyyar rauni a wurin aiki. Ga mai aiki tsakanin bel da tukunyar tururi wannan na ƙarshe ba abin jinkirtawa ba ne ko da na mako guda. Haka kuma ka nemi sababbin masu tsaya masa, domin takardar waɗanda suka tsaya masa a karon farko ta tafi tare da tsohuwar yarjejeniya.

Ranar da zai fara, kai da kanka za ka gabatar da shi, a gaban kowa, bayan an buɗe da addu'a kamar yadda aka saba, cikin magana gajera: wane ya dawo, ga aikin da zai riƙe, ga wanda zai riƙa kai wa rahoto, kuma wane yana nan a kan matsayinsa, muna gode masa da riƙon da ya yi. Wannan jimla ta ƙarshe ta fi duk wata walima amfani, kuma ban ga dalilin yanka rago ba, tun da waɗanda suka zauna da kai a shekarun tsadar gas da ƙarancin shanshera ba a yanka musu ko kaza ba. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Abin da zan roƙe ka shi ne ka hana gori, daga bakinka da na manajanka. Kalmomi irin su "ai da ka tafi" ko "Kanon ta ƙi ka ne" ana faɗarsu da sigar wasa, amma suna taruwa, kuma mutumin da ya sauke kai ya turo dattawa ya riga ya biya abin da ya isa na kunya.

Kada kuma a ɗauka cewa ya san komai saboda ya taɓa zama. A cikin ma'aikatan da ke nan yanzu akwai waɗanda ba su taɓa ganinsa ba, wataƙila ka sayi injin cire tsakuwa ko na tantance launi bayan tafiyarsa, kuma ciniki da yawa ya koma ta tura kuɗi a waya tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023. A zagaya da shi kamar yadda ake yi wa sabo, a nuna masa dokokin kiyaye haɗari, kuma zai yi kyau yaron nan ne zai zagaya da shi, domin a nan ne kowannensu zai fara ganin abin da ɗayan ya sani. Shi ma ya zo da abin da kake buƙata, tun da ya ga yadda babbar masana'anta take rage karyewar shinkafa da asarar gas, amma ka ja kunnensa a keɓe cewa ya riƙa kawo shawarwarinsa wajenka ko wajen manaja maimakon ya riƙa cewa "a Kano ba haka muke yi ba" a gaban yara. Idan kuma ya fara kawo maka sirrin cinikin inda ya baro, sunayen abokan hulɗarsu da farashinsu, ka dakatar da shi, ka kuma lura, domin haka zai yi da naka wata rana.

Game da lokacin gwaji, wuraren aiki sun saba sa wata 3 zuwa 6. Ga wanda ka sani wata 3 ya isa, kuma ka bayyana masa cewa ba ƙwarewarsa ake gwadawa ba, zaman ne ake son a ga ko zai yiwu, shi ma yana da damar ya ce bai gamsu ba. Ka sa ranar zaman bita a cikin takardar, ka zauna da shi a ƙarshen watan farko, ka zauna da yaron daban, sannan ka haɗa su idan wa'adin ya cika.

Idan da hali, ka tsara dawowar tasa ta faɗo a watan Agusta ko Satumba, lokacin da aiki ya yi sauƙi ana jiran sabuwar shinkafa, ka ba su aikin kwance injina da yi musu garambawul su biyu. Zuwa lokacin da motocin shanshera za su fara shigowa daga Dadin Kowa da sauran wuraren da kake saye, ka riga ka ga yadda suke magana da juna a kan aiki, kuma idan akwai abin da ke buƙatar gyara a rabon hurumin nasu, kana da sauran makonni da za ka gyara shi kafin a fara kwana a masana'anta.